Lamba Tara a Layin Likitan Ido

"Abin da ke cikin kan nan," in ji Gidan Rediyo tana ƙwanƙwasa goshinta, "in aka juye shi a takarda, sai an kira mota ta kwasa."

Kar ka zaci ta yi boko, ɗan'uwa. Sunanta ma sai ta ciji leɓe take rubuta shi. Robobi take sayarwa a kasuwa, kuma tun da mijinta ya rasu ya bar mata rediyonsa, duk abin da aka faɗa a ciki sai ya maƙale mata a ka, shi ya sa ake ce mata Gidan Rediyo. Ka zo sayen bokiti, ba za ta yi maka ragi ba ko za ka yi kuka, amma za ka koma gida da sanin cewa giwa ba ta iya tsalle.

Yanar ido ta rufe mata na hagu, ta fara lasar na dama, likitan ido kuwa sau ɗaya yake zuwa asibitin garinsu a wata. 'Yarta ta kai ta da sassafe, ta karɓo mata lamba tara, ta roƙe ta kafin ta wuce wurin aiki: "Inna, don girman Allah, yau dai ki bar giwa ta huta."

Ta yi alkawari, alkawarin kuma ya rayu har minti huɗu. Wani tsoho a bencin baya ya ce wai mujiya makauniya ce da rana. Ina za ta iya haɗiye wannan? Ta lallaɓa can, ta tarar wata mata ta tare wurin zaman da ke kusa da shi. Aka shiga ciniki. Ta ba da lamba tara, ta karɓi sha shida da wurin zaman da mafici a kai, tana murmushin an cuci 'yar mutane.

Ta gyara wa tsoho zancen mujiya, ta ɗora da cewa idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma. Tana tsakiyar zancen kada aka kira sha shida. Wani direba mai lamba talatin da ɗaya ya dage cewa kada na iya zaro harshe, sai ta ce su yi musanya, da sharaɗin ya amsa a gaban jama'a cewa ita ce da gaskiya. Kafin ta rufe baki ya amsa har da rantsuwa, ya shige.

Benci ya yi ta ramewa. Masu shiga na shiga, masu gudunta na gudu. Mutum ɗaya ne bai motsa ba, wani dogo mai farar riga da hula, tsaye a gefen taga. Ta faɗa masa zuma ba ta ruɓewa, bai yi musu ba. Ta kawo raƙumin dawa, bai katse ta ba. Har ta fara rayawa a ranta cewa in ba shi da iyali, to, ita ma ba dutse ba ce.

Sai ga nas da makullai. Ta ce likita ya tsaya a lamba talatin, sai wata mai zuwa. Gidan Rediyo ta miƙe, ta ce zalunci ne, tun safe take nan, a tambayi wannan bawan Allah.

Nas ta dubi inda take nunawa, ta je ta cire hular, ta zare rigar.

"Mama, ƙarfen rataya ledar ƙarin ruwa ne. Mai shara ya shanya kayansa a kai."

Ta daɗe tana ƙifta ido. Sannan ta gyara mayafi.

"Mayar masa da rigarsa, 'yata. Ko marigayi bai taɓa saurarona haka ba."