Ranar Da Na Bar Surukina A Saman Bahar Maliya

Ba zan taɓa mantawa da dawowar surukina daga aikin Hajji ba, kuma ko na so in manta, mutanen Goronyo ba za su bari ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Rabah, saboda haka da aka zo maganar wanda zai tarbo Baba a filin jirgin Sakkwato, ni na miƙe. Dama na daɗe ina neman abin da zai ɗaga ni a idonsa, don tun da na auri 'yarsa kallon mai surutu yake yi mini (kuma ba ƙarya ya yi ba).

Lissafina mai sauƙi ne. Ranar tafiya na riƙe lokacin da suka tashi daga Sakkwato, na riƙe lokacin da ya ce sun sauka Jidda, na fitar da tsawon tafiyar. Ranar dawowa ya kira da safe ya faɗi lokacin tashinsu, na ɗora wancan tsawon a kai. Abin da ya kwanta mini shi ne agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Ni da nake koyar da wannan duk shekara! Kuskuren ya shiga lissafin zuwa, ya sake shiga na dawowa, har na ƙara wa lokacin saukarsu awa huɗu.

Da azahar ƙannen matata suka wanke mota suna ta matsa mini mu kama hanya. Na ce su kwantar da hankalinsu. Na zauna a ƙofar gida cikin sabuwar shadda, 'yan tarba sun kewaye ni, na ɗauki kara na zana Afirka a ƙasa, ga Sakkwato, ga Jidda, ga Chadi da Sudan a tsakani. Har wani dattijo ya tambaya, "To Malam, yanzu ina su ka ciki?"

Na dangwala karan da ƙarfi na ce, "Yanzu haka Baba na bisa Bahar Maliya."

Sai na ga kowa yana kallon bayana. Na waiwaya. Ga ɗan kabu-kabu ya tsaya, ga Baba a baya rungume da jarkar zamzam, ƙurar hanyar Wurno har a gira. Ashe ya gaji da jira a filin jirgi, ya bi motar haya, daga tasha ya hau babur.

Suruki ba ya yi wa mijin 'yarsa faɗa a gaban jama'a, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sauko a hankali, ya duba zanena, ya ce, "Ci gaba, Malam. In na iso ka hwaɗa man."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, ko da ta wajen Sudan ɗin da na zana ne.

Har yau Malam Bahar Maliya ake kirana, Baba kuma in ya gan ni sai ya yi murmushi ya duba agogo. Yanzu duk wanda ya tambaye ni nisan wani gari, ko Gandi ne da ke nan kusa, sai in fara tambayarsa, "Da agogon wa?"