Ƙaton da Aka Ji a Ɗakin Amarya

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da walimar ƙanwar mijina a Dandin Mahe ba, ranar da na tashi nuna wa dangin miji baiwar da Allah ya yi mini, na ƙare da neman wanda zai shaide ni.

Ni malamar firamare ce a Bodinga, kuma Allah ya ba ni murya mai kauri. Irin wadda in na yi sallama a ƙofar gida sai a amsa daga ciki a ce maigidan ba ya nan. Na daɗe ina jin kunyarta, har ran da ƙanwata da ke jami'a a Sakkwato ta turo mini wani bidiyo a waya, ta rubuta a ƙasansa, "Yaya, ga 'yar'uwarki." Wata Baturiya ce sanye da kayan sarki, har da takobi, tana rera waƙa da murya kamar daga cikin rijiya. Tsokanata yarinyar take yi, amma ni da basirata sai na ɗauka yabo ne.

Na shiga bincike. Na gano sunan abin opera, wato wasan kwaikwayon da ba a magana a cikinsa sai waƙa (ko an soki mutum da wuƙa sai ya rera baiti kafin ya faɗi). Na gano cewa shekara ɗari uku da suka wuce, a ƙasar Italiya, mace mai irin muryata kwantaralto ake ce mata, kuma akan ba ta matsayin sarki ko jarumin yaƙi. An kuma ce akan ba ta matsayin tsohuwar mai raino da ake yi wa dariya, amma wannan layin na tsallake shi. Ashe ni ba matsala gare ni ba, garin da aka haife ni ne kawai bai dace ba.

Wata uku ina koyo a kicin. Salon nasu shi ne ki kama gaɓar kalma ɗaya ki fara ta a hankali, ki kumbura ta, ki yi ta hawa da sauka da ita har numfashi ya ƙare. Malam, wato mijina, mutum ne mai haƙuri. Sau ɗaya kawai ya leƙo ya tambaye ni ko in shirya ya kai ni asibiti. Na ce masa fasaha ce. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya koma.

Da bikin Hadiza, ƙanwar mijin nawa, ya zo, ni da bakina na gaya wa Inna, uwar mijina, cewa na shirya wa amarya waƙa ta musamman. Ta ce to, Allah shi yi albarka. Ba ta tambayi komai ba, ni ma ban ga dalilin lalata mata mamakin ba.

Bayan azahar aka cika tsakar gida, mata zalla. Ana zafi, kowa ta ajiye mayafi, wasu tsofaffi har sun cire ɗankwali suna fifita. Dangin ango sun zo daga Horo Birni, gwaggonsa ce jagora, wata doguwar tsohuwa da tun isowarta take duba komai kamar an aiko ta ƙirgen kurakurai. An rataye lasifika a jikin bishiyar darbejiya, amma akwatinta an saka shi a ɗakin amarya saboda rana, wayar makirfo kuma gajera ce. Aka ce in jira a jawo ta waje. Na ce a bari, ai murya ce za ta yi aiki. Na shige ɗakin na saki labule. Daga ni sai amarya, tana lulluɓe a bakin gado.

Na rufe ido na kama kalmar "amarya". A gaskiya ban kai ga "marya" ba, a kan "a" ɗin na tsaya. Na fara ta can ƙasa, na kumbura ta, na hau da ita na sauko. Sai na ji tsakar gida ta ɗauki hayaniya, kwanuka na faɗuwa, ana gudu. Na ce a raina haka ake yi wa manyan mawaƙa. Na ƙara ƙarfi.

Abin da ke faruwa a waje (daga baya aka ba ni labari, kuma har yau ana ba ni) shi ne mata na wawason mayafi, wata ta yafa tabarma, wata ta shige rumbu. Gwaggon ango kuwa ta miƙe tana tambaya wane ƙato ne a ɗakin amaryarsu da rana tsaka.

Labulen da aka fizge ne ya sa na buɗe ido. Inna ce tsaye da muciya a hannu, gwaggo na bayanta. Inna ta dube ni, ta dubi bayan ƙofa, ta ce, "Malama, ina shi?"

Na ce, "Wa?" Da makirfon a bakina na faɗa, duk gidan ya ji.

Na yi bayani cewa ni ce, amma gwaggo ba ta ko kalle ni ba. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta buɗe durowa, ta taɓa tagar da ko kyanwa ba za ta fita ta cikinta ba. Hadiza ta ce wallahi matar yayanta ce, gwaggo ta ce ba a tambayi amarya ba. A nan dariya ta bar fuskar kowa, don in matar nan ta koma Horo Birni da wannan labari, sunan yarinya ya ɓaci ke nan, kuma ni ce sila.

Gwaggo ta ce, "In ke ta, maimaita mu jiya."

Aka fito da ni tsakar gida, gaban mata sun fi ɗari. Na buɗe baki. Muryar da ta hana ni sakat tun ina yarinya, ranar da nake buƙatarta sai ta gudu. Wani siririn abu ne ya fito, kamar kukan ɗan tsako. Na sake gwadawa, tari ya sarƙe ni. Gwaggo ta juya ta dubi mutanenta, ta gyara mayafi irin na mai shirin tafiya.

Inna ce ta ce a kira Malam. Ya tsaya a zaure, aka yi masa bayani ta bayan katanga. Ya tsaya gyaran murya (ina zargin yana auna ko ya shaide ni ko ya bar ni), sannan ya ce, "Ita ta, Inna. Wata ukku ke nan muna hama da abin ga. Ku ce ta yi kiran Basiru ku jiya."

Basiru ɗana ne na fari, kuma a daidai lokacin na hango shi ya tsoma hannu a tukunyar naman baƙi. Ban san sanda na daka masa tsawa ba. Tantabarun gidan suka tashi. Gwaggo ta dafe ƙirji ta koma ta zauna, ta ce ta yarda, Allah mai halitta iri-iri. Sai a sannan aka fashe da dariya, har da amarya, har da wadda ke cikin rumbu.

An kai Hadiza ɗakinta lafiya, yanzu 'ya'yanta biyu. Inna ba ta yi mini faɗa ba, abin da ta yi ya fi faɗa ciwo: duk bikin da za a yi a dangi sai ta aiko a gaya mini a kan lokaci cewa an riga an samu masu waƙa, in huta.

Abin da na koya kaɗan ne. Idan kina da baiwar da mutanen garinku ba su saba da ita ba, ki tsaya a fili inda za a ga fuskarki kafin ki fara. In kuma mijinki ya ji fasaharki ya yi miki tayin asibiti, ki saurare shi, ya riga ya gaya miki ra'ayin jama'a.