Dawakai Hamsin na Mannir

"Ku ba ni kwana uku. In ban ƙara wa motar nan ƙarfin dawakai hamsin ba, ku daina ce mani Injiniya."

Mannir ne ya faɗi haka a majalisarmu ta Ƙofar Sauri bayan La'asar, yana kaɗa makulli a ɗan yatsa. To ka ji, dama babu mai ce masa Injiniya sai shi kansa. Mu Mannir Na-Sani muka sani, mai jera fayil a wani ofis. Iyakar abin da ya taɓa gyarawa a duniya fanka ce, ita ma tun daga ranar bango take hura wa iska.

Motar ma ba tasa ba ce. Ta yayansa ce, Alhaji Sada, ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajera har sai ka durƙusa kamar mai gaida surukai kafin ka shiga. Alhaji ya tafi Umara sati biyu, ya bar masa makulli da umarni guda: kullum da safe ya tashe ta minti biyar ya kashe, ko ƙofar gida kada ta leƙa. Washegarin tafiyarsa sai ga ta a majalisa.

Mannir ya kalli wasu bidiyoyi a waya, ilimi ya yi masa yawa. Ya yi mana bayani cewa inji kamar mutum yake, mai mura ba ya gudu. Waɗanda suka ƙera motar, in ji shi, matsorata ne, shi ya sa suka toshe mata hanci da salansa. A cire, a sa bututu mai faɗi, ta shaƙi iska, sai dai a ga ƙurarta.

Babaji, abokinmu mai sayar da atamfa, yana da wata tsohuwar mota da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Ya ce shi bai san dawakai ba, amma ranar Asabar da hantsi su haɗu a titin bayan gari a gwada. Mannir ya yi dariya har da buga cinya. Nan take ya kira Kausar, yarinyar da yake nema a Kambarawa, a gabanmu ya shaida mata cewa da ya gama kunyata wani ranar Asabar zai biyo gidansu don ta ga abin da hannunsa ya ƙera.

Da fari wajen Malam Sagir ya kai ta, bakaniken da ke duba wa Alhaji motar. Malam Sagir ba mai yawan magana ba ne. Ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce gaskiya akwai salansar da ake yi musamman don irin wannan mota, takan ƙara ɗan ƙarfi, amma kaɗan ne, kuma sai an sake saita ƙwaƙwalwar motar. Yawancin abin da samari ke saye, in ji shi, ƙara ce kawai. Ya nuna masa wasu 'yan wayoyi a jikin salansar, ya ce da su motar ke shinshinar hayaƙinta, in aka yanke su za ta yi fushi ta ƙi gudu.

"Mota ta yi fushi?" in ji Mannir. "Malam Sagir, ilminka ya tsaya zamanin a-kori-kura. Ni da duniya nike tafiya."

Malam Sagir ya goge hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Daga nan sai wajen Mudassir mai walda a Gobarau, wanda sana'arsa ƙofofi da tagogi. Mudassir bai taɓa ce wa aiki a'a ba. In ka kawo masa jirgin sama ma zai ce ka dawo bayan Azahar. Ya shiga ƙarƙashin motar ya datse salansar, da tukunyarta, da 'yan wayoyin nan gaba ɗaya. Ya ɗauko ragowar bututun rijiyar burtsatse, wanda kan mutum zai iya shiga, ya liƙa. Tsohuwar salansar kuwa tana yashe a gefe, masu sayen ƙarafa suka zo wucewa da kurarsu, Mannir ya ce su ɗauka kyauta, tarkace ne.

Da ya murɗa makulli, ni ina wurin, sai da na ji haƙorana na motsi. Tantabarun unguwar suka tashi gaba ɗaya. Wata akuya ta tsinke igiya. Wani dattijo ya fito daga zaure da takalmi ƙafa ɗaya yana tambayar wane gini ne ya faɗi. Mannir yana ciki, baki har kunne.

Sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Na nuna masa, ya ce ai motar ce ke sanar da shi sababbin dawakai sun iso. Da ta dame shi da haske, ya yanko salatef ya liƙe ta.

Ranar Asabar duk majalisa ta hallara. Mannir ya sha farar shadda da baƙin tabarau. Babaji ya gama ɗaure ƙofarsa, ya ce a shirye yake. Ni aka ba aikin jefa hula sama, alamar su tashi. Na jefa.

Jar motar ta yi wani ruri da ya sa muka toshe kunnuwa, ta zabura, ta kai arba'in, ta ce nan ta tsaya. Mannir ya taka totur har ƙasa. Ƙara ta ninka, gudu yana nan a arba'in. Babaji kuwa tuni ya zama ɗigo. Can sai ga keke-napep ɗauke da mata huɗu da rago, ya zo ya wuce shi. Direban ma mutumin kirki ne, ya rage gudu ya jera da shi, ya leƙo ya tambaya ko a samo igiya a ja shi.

Kafin Mannir ya isa inda aka yi alama, Babaji ya sayi rake ya sha gaɓa uku. Mannir ya fito yana tari, shaddar nan ta koma kalar toka, don hayaƙin ta ƙasa yake shigo masa. Ya ce man da ya sha gauraye ne. Ya ce iska ta gaba take busowa. Ya ce tayar baya ba ta cika ba.

Babaji ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Injiniya, haniniyar dai ta dawakai hamsin ce, mun shaida. Tafiyar ce ta jaki ɗaya."

Mannir ya koma gefe ya kira Malam Sagir, murya ƙasa-ƙasa. Malam Sagir ya ce abin ba wuya, ya kawo motar tare da tsohuwar salansar a mayar. Muka ga Mannir ya cire tabarau ya zauna a bakin kwalbati. Aka bi sawun masu ƙarafan, suka ce tun shekaranjiya aka loda kayan a tirela, ta yi kudu.

Abin da ya biyo baya da Alhaji Sada ba shi da tsawo. Tun yana Makka bidiyon keke-napep ɗin ya same shi, don a majalisarmu ba a rasa mai ɗauka. Da ya dawo ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa bututun, ya miƙa hannu aka ba shi makulli. Wata uku tana lulluɓe kafin sabuwar salansa ta iso daga waje, kuma har yau ko rimot ɗin talabijin ba a barin Mannir ya taɓa a gidan.

Amma ba wannan ne ya fi ci masa rai ba. A ranar Asabar ɗin, duk da abin da ya faru, sai da ya tafi Kambarawa. Lissafinsa shi ne Kausar ba ta ga tseren ba, kuma mota in tana tsaye ba mai sanin gudunta. Ya lallaɓa da arba'in ɗinsa, ya tsaya ƙofar gidansu, ya yi ta taka totur don ta san ya iso.

Kausar ta fito da mayafi, hannu a kunne. Ba ta kai ga gaishe shi ba sai ga kakarta, Hajiya Rakiya, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Tana tafe tana dogara sanda, da robar jiƙaƙƙen wake a hannu. Ta laluba ta aza robar a kan bonet.

"Sannu da aiki, ɗan nan. Allah ya kawo muna inji kusa. Ga waken alala, ka markaɗa mani shi da laushi."

Kausar ta kama hannunta, tana danne dariya, ta ce ai ba injin markaɗe ba ne, mota ce. Wannan kuma Mannir ne, wanda ta ba ta labari, mai zuwa wajenta.

Tsohuwar ta sake kasa kunne ga rurin. Sannan ta ɗauke robarta ta juya.

"To ni dai da mai injin kika kawo mani da ya fi," in ji ta. "Shi in ya cika unguwa da ƙara, ko ba komi ƙullu na fita."