Rasuwar Kyamarar Heriberto a Kwamin Awaki

Da zuciya cike da baƙin ciki, irin wanda ba ya hana mutum shan kofi, Doña Eduviges Cantú ta gonar Las Comitas ke sanar da dangi, maƙwabta da magulmatan garin Lampazos rasuwar kyamarar surukinta Heriberto, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a cikin kwamin ruwan awaki. Ta rasu tana da shekara uku. Har yanzu da ake wannan rubutu maigidanta na tsakar gida yana zage-zage, don haka a yi haƙuri in layi ya karkace.

Marigayiya ta shigo gidan nan a kwali, da lallaɓawa kamar ƙwai. Heriberto ya ɗaure ta a jikin itacen ƙaya, idonta na kallon inda yake zuba masara, don ta ɗauko masa hoton wani namijin barewa mai ƙaho reshe goma sha biyu. Sau ɗaya tak ya taɓa hango shi, amma har suna ya raɗa masa, wai Patrón, wato Ubangida. Wasu maharba 'yan birnin Monterrey sun ce in ya tura musu hoton kafin Oktobar bana ta ƙare, za su kama hayar dajin gaba ɗaya. Sharaɗinsu guda ne: a kwashe awaki, wai warinsu da ƙararrawarsu na korar barewa. Awakin nan arba'in da biyu na Doña Eduviges ne, kuma da cukun nononsu ta raini 'yarta Nereida, wadda wannan marar kunyar yake aure.

A faɗi alherin mamaci. Ta kasance mai haƙuri. Rana ta dake ta, ƙura ta rufe ta, tsuntsaye sun yi mata abin da suka saba, ba ta taɓa cewa komai ba sai ɗan "ƙis" ɗinta. Ta kuma sha gata. Heriberto ba ya kusantarta sai ya yi wanka da sabulu marar ƙamshi, ya sa safar hannu, ya duba inda iska ta nufa. Ko ranar biki Nereida ba ta samu wannan ladabin ba.

Aiki kuwa ta yi shi. Ta ɗauki aladen daji suna wawashe masarar, iyaye da jikoki. Ta ɗauki bayan jaki sau ba adadi. Ta ɗauki Don Eulalio mahauci da Casilda bazawara da tsakar rana, wai sun je itace, ba gatari ba igiya. A nan kaɗai Doña Eduviges ta yi rashi na gaskiya, don tun da take ba ta taɓa samun abokiyar gulma mai kawo shaida ba. Barewa fa? Kunne ɗaya ta taɓa kamawa, Heriberto ya zaga gari da shi a waya, daga baya aka gano na jakin nan ne.

Ciwon ajali ya fara ne da Oktoba ta yi nisa, fari ya tsananta. Heriberto ya ce duk dabba dole ta nemi ruwa, ya ɗauke marigayiya ya ɗaure ta a dirkar da ke bisa kwamin. Ba a jima ba maɗaurinta ya fara ɗanɗanon gishiri. Yadda aka yi, Allah masani. Janar, babban bunsurun gidan, ya yi kwana uku yana duba ta safe da yamma, ya lasa, ya tauna, har maɗauri ya tsinke. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "cunɗum".

An binne ta a buhun shinkafa kwana biyu ko za ta bushe, ba ta farfaɗo ba. Memori dai ya tsira. Hoton ƙarshe harshen Janar ne. Na gabansa kuma wani hannu ne mai tamoji, da bakin gyale mai ruwan toka.

"Doña, wannan gyalen na wa ne?" in ji Heriberto, yana tura mata waya har hanci.

"Rabin tsofaffin Lampazos irinsa suke yafawa, ɗan nan."

"Da zoben marigayi mijinki a yatsa?"

"Kai da ba ka bambance barewa da jaki ba, yau ka zama masanin zobe?"

"Nereida, kina jin uwarki ko?"

"Ina tatsa," in ji Nereida daga garke.

Marigayiya ta bar batir takwas, dukansu a jiƙe, da buhun masara uku marayu, da maigidanta wanda jiya 'yan Monterrey suka kira suka ce sun samu wani daji a jihar Coahuila. Ta kuma bar awaki arba'in da biyu, duk lafiya ƙalau, sun gode da tambaya.

Iyalai na roƙon jama'a su yi watsi da jita-jitar cewa wai wani namijin barewa mai reshe goma sha biyu na zuwa kullum da sassafe bayan kicin ɗin Doña Eduviges, yana cin ɓawon kabewa tare da awaki, shekara huɗu ke nan. Ƙarya ce. Kowa ya san barewa ba ta son warin akuya, masu ilimi daga Monterrey sun faɗa.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a gindin itacen ƙayar da ta yi wa hidima. Janar ne zai ja gaba. An keɓe wa Don Eulalio da Casilda kujera biyu, nesa da juna. Addu'ar kwana tara a kicin za a yi ta, kowa ya zo da kofinsa da labarinsa. Ba za a yanka akuya ba, ko ɗaya. Akwai naman barewa idan Heriberto ya kawo, ma'ana dai wake da tortiya, gurasarmu ta masara.

Ga shi nan ma ya tsaya a bayan mai rubutu, yana karantawa ta kan kafaɗarta, leɓensa na motsi. Ya kai wajen ɓawon kabewa.

"Shekara huɗu, Doña?"

"Jita-jita ce, ɗan nan. Miƙo mini gishiri."

Ya fita ya bugo ƙofa har hoton Waliyyi Isidro ya faɗo daga bango. Gawa dai ba ta firgita ba. Allah ya jiƙanta, ya sa kada a sayo wata.