Sai Midi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zaunar da dattawa suna jiran rana ta take.

Lokacin ina saurayi a Zongo, na ɗan yi zarya zuwa sutudiyon abokina Isufu a unguwar Gounghin, sai na fara jin kaina injiniya. Kawuna Alhaji Sale, mai fataucin atamfa daga Kano, ya yarda da cika bakina (Allah ya saka masa, shi kaɗai ya taɓa yarda). Ya sayo mini piyano da tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da sharaɗin in haɗa waƙar bikin 'yarsa. In ta fito kaya sun zama nawa, in ba ta fito ba a mai da su kasuwa.

Da hantsi Kawu ya iso da mawaƙi da abokan cinikinsa biyu. Na kunna komai, na danna piyano. Piyano na ta kuka, ordinater ko gezau, ba ta ɗaukar komai. Na ce zan kewaya, na ruga telesantar, shagon buga waya, na kira Isufu. Kafin layi ya tsinke, abin da na tsinta kawai shi ne, "Ai ba ta ji sai da midi."

To mu nan, ko jariri ya san midi tsakar rana ce. Na dawo ina taƙama.

"Kawu, ku yi haƙuri, ba ta kamawa sai midi."

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Wato ita ma da lokacinta, kamar salla."

Har na ƙara da cewa wuta ta fi ƙarfi in rana ta take (wannan ƙarin ne ya fi ci mini rai har yau). Aka ɗora shayi, aka yi ta duba agogo.

Midi ta yi, na danna. Shiru. Kawu ya tausaya mini, ya ce, "Ko agogon Kano take bi? Ka ga sun riga mu da awa ɗaya, tasu midin ta riga ta wuce." Wallahi har na buɗe baki zan ce sai gobe, sai ga Isufu a kan ɗan babur ɗinsa mobilet, riƙe da wata baƙar igiya mai allurai biyar a kai.

"Ga midin," ya ce. "Ita ke kai abin da ka danna cikin ordinater."

Mawaƙi ya tambaye shi ko igiyar na aiki da safe. Nan fa aka ɓarke da dariya, har da hawaye. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Isufu ya jona, waƙa ta fito. Da za su tafi, Kawu ya dafa kafaɗata. "Riƙe kayanka, ɗana. Wanda ya iya zaunar da 'yan kasuwa rabin yini ba ciniki, ba zai kwana da yunwa ba."

Tun daga ranar na gane jahilci ba ya kunyata mutum sai in mutumin ya fara yi wa jahilcin sharhi.