Rasuwar Goyau, Baƙon da Ya Zo Daga Teku

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika taf, ni Lirwanu na Mandera, a madadin kaina da duk wanda ya yarda ya taya ni cikin iyalina, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Shagari da Bodinga rasuwar abokin zamana, Goyau. Ya cika ranar Juma'ar da ta wuce, a jikin dangar bayan gida inda na shanya shi ya sha iska.

Ga wanda bai san marigayin ba, allon ƙarfe ne mai lanƙwasa daidai bayan mutum, da maɗaurai na kafaɗa da na ƙugu da wani mai bi ta tsakanin ƙafafu, sai ƙawanya a baya inda ake zaunar da tulun iska. Masu nutso a teku ne ke goya shi, su sauka ƙasan ruwa suna numfashi kamar suna zaune a zaure. Irin na da ne, an ce yanzu ba a ƙera shi. Mai ɗakina Salamatu ce ta raɗa masa suna, ranar da ta ga na ɗaura shi ina zaga tsakar gida.

Ba mu san garin haihuwarsa ba. Aminina marigayi Arzika ne ya zo da shi daga Fatakwal, inda ya yi aikin gadi a bakin ruwa. Ya tsince shi cikin tarkace ya ɗauka akumari ne, har ya gwada wa jakinsa, jakin ya ƙi. Ni kuwa da ganinsa na gane shi. Karatuna na boko bai yi nisa ba, amma kafin a cire ni a mai da ni gona na ga hoton wani mutum a littafi da tulu a baya, kifaye na wucewa ta gaban hancinsa ba su damu da shi ba. Na ba Arzika tinkiya, ya ba ni Goyau, kowa ya tafi yana tausayin ɗan'uwansa.

Jama'a sun sha tambayata me zan yi da shi. Amsar ba ɓoyayya ba ce. Lokacin da aka yi dam aka datse ruwa, gonar mahaifina ta tafi ƙarƙashinsa, da rijiyar da ya haƙa da hannunsa, da tsamiyar da yake ajiye ni a gindinta idan zai yi huɗa. Abin da nake so kawai in sauka sau ɗaya in ga ko tsamiyar na tsaye. An ce ban iya iyo ba. Gaskiya ne, amma masu iyo sama suke nema, ni ƙasa nake son zuwa.

Marigayin ya rayu mai haƙuri. Shekaru ya yi a kan ƙusa yana jiran tulunsa, bai taɓa yin ƙorafi ba. Maganarsa ba ta da yawa: in an ɗaure ƙugunsa ya ce ƙyas, in ana tafiya ya ce kacau, kacau, in an ja maɗaurin hagu ya yi wani ɗan nishi irin na tsohon da zai tashi daga tabarma. Bai ƙasƙantar da kansa ba. Masu albasa daga Dingyadi sun zo aronsa don su ɗora tulun feshi, na sallame su da girma. Wani mai walda a Bodinga ya yi mana tayin tulun gas ɗinsa, ya ce iska duk iska ce, amma ƙawanyar Goyau ta ƙi rufuwa a kansa, kuma daga baya na fahimci marigayin ya fi ni hankali. Aiki ɗaya ya yarda ya yi a tudu: ya goya jikata Nana Hauwa zuwa asibiti da damina, sa'ad da hanya ta yanke, ta yi barci a jikinsa har muka isa.

Na kula da shi iyakar sanina. Tun da ɗan ruwan gishiri ne, kowace Juma'a nakan jiƙa gishiri da 'yar kanwa a kwarya in yi masa wanka, don kada ya yi kewar gida. Duk da wannan gata, a shekarun nan ƙarfunansa suka fara yin kore, bakin maɗaurin ƙugu ya daina cewa ƙyas sai an lallashe shi. Ɗana Bashar, wanda yake ta yi mini alkawarin tulu daga kudu yana cewa sai baɗi, ya duba wayarsa ya ce: «Baba, ruwan daɗi ake wanke shi da shi, gishirin ga shi ka cin shi.» Na ce masa kifi ma a ruwan gishiri yake, ba a taɓa jin ya yi tsatsa ba. Na ƙara masa kanwa.

Ranar da abin ya faru, na yi masa wankansa, na rataye shi, na tafi masallaci. Maƙwabcina Haliru yana da wata saniya bokolo mai sanyin hali, wadda ba ta taɓa shiga gonar kowa ba. Ta ji ƙanshin kanwa ta miƙo wuya. Da na dawo na tarar da ita tsaye, idanunta a lumshe, ƙarshen maɗaurin kafaɗa na lilo a bakinta. Allon ƙarfen kaɗai ta bari, shi ma ta lashe shi fes, bai taɓa yin ƙyalli irin na ranar ba.

Haliru ya zo ya durƙusa. «Baffa, wallahi ba da gangan ta yi ba. In ka so, a jira ya hito.» Na ce a bar shi inda yake. Na yafe mata, kuma ina roƙon jama'a su daina nuna ta da baki. Da yamma an ga Salamatu ta kai mata dusa kwarya guda, tana shafa mata wuya tana cewa, «Allah shi yi miki albarka.» Na ɗauka sadaka ce ta fitar don marigayin.

Ya rasu ya bar tabarau na nutso mai tsagaggen gilashi, da takalmin roba mai kama da ƙafar agwagwa, na dama kawai, da tulun da ba su taɓa haɗuwa ba. Bashar ya bugo waya ya ce ashe ya kusa samo tulun. Marigayin ya kuma bar ni. Ƙafafuna sun yi nauyi, kuma na san ba za a sake tsinto mini irinsa ba.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, na kuma yarda. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidana har zuwa Laraba. Ranar Alhamis da hantsi, Naziru masunci zai ɗauke mu a kwalekwalensa zuwa saitin gonar mahaifina. A can zan ɗaura wa marigayin igiyar guga in sauke shi a hankali. In ya wuce ƙasa sumul, to, na sani. In kuwa na ji igiya ta sarƙe a reshen tsamiyar, zan sake ta in bar shi a inuwa.

Masu rakiya su tsaya a gaɓa, jirgin mutum uku yake ci. Salamatu ta ce ba zan shiga ba sai da ita, kuma ta riga ta zaɓi wurin zamanta. Ni zan riƙe igiya, ita za ta riƙe bayan rigata.