Yaƙin da Lurwanu Ya Share Mutum Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Da sunan Mai saukar da ruwa muke buɗe tarihin Lurwanu ɗan marigayi Bawa Dogo, jikan Tanko Mai-Garma, wanda kakanninsa suka sare daji da gatari, shi kuwa Allah Ya hore masa kwamfuta mai tsagaggen gilashi. Sarkin Yaƙin ofishin ƙungiyar manoma, Garkuwan Rajista, dodon ɓerayen da ke cin waya.

A shekarar da damina ta yi sammako, shugaban ƙungiya ya yi umarni a kwashe sunayen manoma daga tsohuwar ma'ajiyar bayanai zuwa sabuwa kafin ranar rabon taki, domin wanda babu sunansa babu buhunsa. Kuma kada 'yan bogi su tsira: jadawali biyu ne, na mutane da na gonaki, duk wanda ba a ga gona da sunansa ba, a share shi.

Lurwanu ya naɗe hannun riga, ya zaro umarnin sharewa da ya saba da shi a tsohuwar ma'ajiya, ya kai sara. Sabuwa ta tofo masa jan rubutu, wai ba ta jin wannan yare. Shi Lurwanu guda! Tun hantsi ake gwabzawa, janareta ya suma sau biyu ya farfaɗo, koko ya huce a kofi ko kallonsa ba a yi ba, har la'asar sakaliya, sannan gwarzo ya sake ƙera umarninsa, ya daka tsawa, "Yau ko ni ko ke!" ya danna. Layukan sunaye ɗari huɗu da sha biyu suka faɗi lokaci guda. Don murna ya wanke tsohuwar ma'ajiya tas, ya ce ajiye kwafi aikin matsorata ne.

Abin da ya sha'afa, alhali kowa a garin ya sani, gonar gandu sunan maigida kaɗai take ɗauka, ko mutum goma ke noma ta, ko maigidan ya shekara bakwai a ƙasa.

Ranar rabo Inna Talatu, mahaifiyarsa, ta zo da jakin aro. Aka duba sama da ƙasa, babu ita. Akwai dai Bawa Dogo, buhu biyu, amma sai ya zo da kansa. Kunya ta rufe Lurwanu, don ya hango Inna ta ratso layi ta nufo shi, mutum ɗari huɗu na biye.

Ko murya ba ta ɗaga ba. "Lurwanu, ni da na haife ka ka share, ka bar wanda ka binne da hannunka? To, tashi ka kira shi ya karɓa."

Kwana uku Garkuwan Rajista ya yi a kan tabarma yana sake rubuta sunayen da ya share da biro. Mai jaki ya gaji ya karɓi abinsa, don haka buhunan Inna a kan Sarkin Yaƙi suka isa gida, sawu biyu.